Bencin Zaure: Falanki Ɗaya, Zarto da Guduma

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau ba za mu yi nisa ba, a bakin ƙofa za mu tsaya. Zaure za mu shiga, ko soro kamar yadda wasu ke cewa, mu duba abin zama da abin ajiye takalma da mutum zai iya haɗawa da hannunsa, ko kuma ya tsaya a kan kafinta ya haɗa masa mai ƙarko.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san aikin zaure. Nan baƙo ke yin sallama ya jira a yi masa iso. Nan maigida ke cin tuwon dare da maƙwabta, nan ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, nan malam ke biya wa almajirai karatu, nan maɗinkin hula ke yini da allurarsa. Amma ka lura, a gidaje da yawa za ka tarar falo ya sha kujeru na alfarma, ɗakin amarya ya sha gado da madubi, zaure kuwa ko oho: tsohuwar tabarma, buta mai yoyo, da tarin takalma da sai ka tsallake su kafin ka shiga. Gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To amma dattijon da gwiwa ta fara yi masa ciwo, bayan ka gama yi masa fara'a, yana bukatar inda zai zauna ya cire takalminsa ba tare da ya dafa bango ba.

Ko a gidajen zamani da babu zaure, matsalar tana nan. Ta dai koma baranda ko bakin ƙofar falo, inda uwargida ke fama da silifas ɗin yara safe da yamma.

A da, kakanninmu ba su rasa abin zama ba. Akwai dakali na ƙasa, akwai buzu da tabarma, akwai kujerar da masassaƙi ke fafewa daga gungume guda da gizago, babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Aikin falanki da ƙusa kuwa ya bazu ne a Arewa bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka samu hanyar ɗauko katakon da aka tsaga daga dazuzzukan Kudu. Har gobe yawancin falankin da ake sayarwa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko a Panteka ta Kaduna, ko a kasuwar Katako ta Yamai, daga wuraren da suka fi mu ruwan sama yake zuwa. Ku riƙe wannan magana, domin a kanta rabin shirinmu na yau zai tsaya.

(Ƙarar zarto na ɗan lokaci)

Mu fara da kasuwa, don a can ake yin benci mai kyau, a can kuma ake ɓata shi tun kafin a buga ƙusa.

Katako yakan iso mana da ruwa a jikinsa. An sare itacen a dajin da iska ke da laima, an tsaga shi, an loda a tirela, cikin 'yan kwanaki ga shi a Kano ko Katsina. Idan hunturu ya kama, laimar iska a nan Arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Falankin nan zai fara fitar da ruwansa, yana fitarwa yana tsukewa. Kuma ba ta tsawo yake tsukewa ba, ta faɗi yake yi. Idan an riga an ɗaure shi da ƙusa, ba shi da inda zai matsa, sai ya tsage, ko ya kumbura ta tsakiya, ko ya murɗe. Shi ya sa za ka ga an kawo benci sabo fil a watan Agusta, kafin Janairu ya yi baki, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Sai a ɗora wa kafinta laifi, alhali sau da yawa mai aikin ne ya matsa, ya ce shi lallai jibi yake son kayansa.

To yaya ake gane busasshe? Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka kwatanta da ɗan'uwansa iri ɗaya: ɗanye ya fi nauyi. Ka shafa tafin hannunka, ɗanye yana da sanyi. Ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, busasshe yana amsawa ƙwal-ƙwal, ɗanye kuwa sai ka ji dum. Sannan ka ɗora gefe ɗaya a ƙasa, ka ɗaga ɗayan daidai idonka, ka rufe ido guda ka leƙa tsawonsa. Duk wata karkata za ta fito fili. Mai katako zai ce maka, Alhaji wannan ai ya bushe ƙayau, ɗauki kawai. Ka yi masa murmushi, ka ce ya yi haƙuri ya jawo maka na ƙasan tarin, wanda ya kwana biyu a rumfa. Ka duba kuma ko akwai ƙananan huji da wani gari-gari yana zubowa. In ka gani, ƙwaro ya riga ka, ka bar shi ko da kyauta ne.

In ba ka sami busasshe ba, ba a yi asara ba. Ka saya, ka kai gida, ka kwantar da shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Ka sa 'yan sanduna a ƙarƙashinsa don kada ya taɓa ƙasa, in falankin ya fi ɗaya ka sa a tsakaninsu ma, ka danne sama da bulo. Kada ka jingina shi da bango, kada kuma ka shanya shi a rana tsaka, don rana za ta busar da fuska ɗaya ta bar ɗaya, ya nannaɗe. Da rani, 'yan makonni sun isa ka ji nauyinsa ya ragu sosai.

Wane irin katako? Iroko ya fi su jure ruwa da gara, sai dai kuɗinsa da nauyinsa. Maɗaci, wanda 'yan kasuwa ke kira mahogani, yana da kyan launi, ja-ja, kuma yana karɓar goga. Afara da obece farare ne marasa nauyi, zarto yana cin su ba wahala, amma gara da ƙwaro suna son su, sai da magani. Akwai malaina, itacen da asalinsa daga yankin Indiya aka kawo shi aka dasa a gandun daji irin na Nimbia a kudancin Kaduna. Yana jinkirin bushewa, amma in ya bushe ba ya yawan motsi. A ganina, ga wanda zai fara gwada hannunsa, malaina busasshe ya wadatar. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne allon nan na garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. A ɗaki yana iya daɗewa. A zaure kuwa, inda ake alwala, ake shigowa da jiƙaƙƙen takalmi da damina, ruwa na taɓa gefensa zai kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya gyaruwa. Araha ba ta ado.

Bari in ɗan ratse, saboda wani zai ce me ya sa ban ambaci madobiya ba. Madobiya katako ne na gaske, mai ƙarfi, mai kyan zane. Kyan nan nasa ne ya jawo masa. Shekarun baya an yi ta sare shi a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har aka sa shi cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Najeriya zuwa waje. Makiyaya sun fi kowa sanin abin da aka rasa, don ganyensa ne abincin shanu idan rani ya tsananta. Itacen da ya yi shekaru masu yawa kafin ya girma, bai kamata ya ƙare a matsayin wurin ajiye silifas ba.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna zaure ne muna shirin haɗa benci mai wurin ajiye takalma a ƙarƙashinsa. Wanda ke da fensir da takarda ya matso kusa da rediyo.

Kafin komai, auna zaurenka. Buɗe ƙofa har ƙarshe ka ga inda take tsayawa. Tuna da babur ɗin da ake shigowa da shi da dare, da buhun hatsi, da mata masu wucewa da tulu ko kwano a ka. Bencin da ya tare hanya, komai kyansa, rana ɗaya za a fitar da shi waje.

Katakon da za ka saya biyu ne. Falanki ɗaya mai kaurin inci 1, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, wanda shi ne ma'aunin da aka saba a kasuwa. Sai siririn katakon nan da ake kira tu-bai-tiri guda ɗaya, shi ma ƙafa 12. Ka biya masu inji a nan kasuwar su goge maka su, zai rage maka wahalar yini guda. Ka sani dai bayan guga falankin zai ɗan ragu, don haka da tef za ka yi aiki, kada ka dogara da sunan da aka kira shi. Sai ƙusa mai inci 2 da rabi da mai inci 3, farin gam na katako, samfefa, da banish. Kayan aiki kuwa: zarto, guduma, tef, sukwaya da fensir.

Daga falankin, fara yanke bakin da ya tsattsage ka yar. Sannan ka fitar da mazauni, inci 48, wato ƙafa 4. Ka fitar da ƙafafu biyu, kowace inci 17. In ka ɗora mazauni a kansu, tsayin benci ya zama inci 18 ke nan, daidai yadda babba zai zauna tafin ƙafarsa na ƙasa, ya kuma miƙe ba tare da nishi ba. Sai kantar takalma, inci 40. Abin da ya rage, wajen inci 20, ajiye shi gefe, da sauran aikinsa. Daga tu-bai-tiri kuma ka yanka guda 3 masu inci 40, ragowar ka raba biyu, su ne za su tallafi kanta.

Wajen yanka, ka ja layi da sukwaya a fuska da kuma gefe. Ka ɗora zarto a bayan layi, ta ɓangaren da ba ka so, don shi kansa zarto yana cin nasa rabon. Ka fara da jawo shi baya sau biyu ko uku har ya yi wa kansa hanya, sannan ka tura. Kada ka danna, nauyinsa ya isa. In ka kusa ƙarshe, a riƙe maka guntun da zai faɗi, in ba haka ba zai ɓalle ya tafi da tsagin falankin. Ƙafafun nan biyu kuma ka haɗa su ka duba, tilas su zo daidai, ko da bambancin kaurin ƙwayar shinkafa ne ka goge shi.

Ga wata dabara ta tsofaffin kafintoci. A gindin kowace ƙafa, ka yanke tsakiya ka fitar da ɗan kusurwa uku, ka bar inci 3 a kowane gefe. Maimakon faffaɗan katako biyu, bencinka ya zama mai ƙafa huɗu. Daɓen zaure ba kasafai yake zama daidai ba, kuma faffaɗar ƙafa in ta hau kan ɗan tudu sai benci ya riƙa rawa.

Yanzu ga abin da ya kamata kowa ya fahimta game da katako. Ka ɗauke shi kamar damin kara da aka ɗaure tamau, duk karan suna kallon tsawo. In ka soka ƙusa ta gefen dami, tana ratsa kara bayan kara, suna riƙe ta. In ka soka ta baki, tana bin tsakaninsu ne kawai, jan farko za ta fito. Ruwa ma ta bakin yake shiga da sauri. Wannan shi ne dalilin da bencin makaranta da na mai shayi ke fara rangaji: an ɗora mazauni a kan ƙafa, an buga ƙusa daga sama ta shiga bakin katako, shi ke nan. Mutum uku suka zauna, ɗaya ya muskuta, ƙusa ta fara sassautawa.

Maganinsa shi ne a yi wa benci ɗamara da tu-bai-tirin nan. Ka tsayar da ƙafafun, ka sa guda biyu a tsakaninsu daga sama, ɗaya gaba ɗaya baya, a tsaye ta ɓangaren inci 3, ba a kwance ba. A tsaye ne suke hana mazauni lotsawa, suke kuma hana benci karkata hagu da dama. Ka shafa gam, ka buga ƙusa biyu masu inci 3 a kowace mahaɗa, ka ɗan karkata su, ɗaya ta kalli ɗaya, yadda in an ja ba za su fito tare ba. Wanda ke da hali ya sa sukuru, ya fi ƙusa riƙo. In katakon mai tauri ne irin iroko ko maɗaci, a fara huda masa. In babu abin hudawa, ka kifa ƙusar ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe. Ƙusa mai tsini raba katako take yi, dakusasshiya kuwa murƙushe hanyarta take yi ta wuce, shi ya sa ba ta cika tsaga shi ba.

Kafin gam ya kama, ɗauki tef ka auna daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, aikinka ya miƙe. In bai zo ba, ka tura ta inda ya fi tsawo har su daidaita. Minti biyu ne, amma yaran shago da yawa ba sa yi, sai maigidansu ya daka musu tsawa.

Sai kanta. Ka buga guntayen nan biyu a cikin ƙafafu, ka ɗora ta a kai, ka bar aƙalla inci 4 tsakaninta da ƙasa. Tazarar nan tana da dalili. Tsintsiya za ta shiga. Ruwan buta zai wuce ta ƙasa. Kuma takalmin da ke sama ya fi wanda ke ƙasa tsira daga kunama, wadda kowa ya san tana son kwana a cikin sau-ciki. Tu-bai-tiri na uku ya zauna a bayan kanta, ya tare takalma kada su zube ta baya, ya ƙara wa benci ƙarfi. A ƙarshe ka ɗora mazauni, ya fito inci 3 ta kowane gefe, ka buga shi a jikin tu-bai-tiri. Kantar za ta ɗauki takalman manya huɗu, na yara kuwa fiye da haka.

(Ƙarar guduma)

Saura gyaran fuska. Ka bi shi da samfefa mai kaushi, lamba 80, sannan mai laushi, lamba 120, kana bin tsawon katako. In ka gitta, zanen zai fito ƙuru-ƙuru bayan an shafa banish. Ka kashe kaifin gefuna da kusurwoyi sosai, saboda goshin yara da kuma babbar riga. Kan kowace ƙusa ka nutsar da shi ciki.

Maganar gara kuwa, zaure gidanta ne, musamman ginin ƙasa. Magabata sun san haka, shi ya sa suke rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Kai da ke aiki da falanki, ka shafa maganin gara irin su Solignum a ƙafafu da ƙarƙashi, a waje inda iska ke kaɗawa, ka bari ya bushe. Wasu baƙin man mota suke shafawa. Yana korar gara, ba musu, amma ba ya bushewa da gaske, kuma ranar da baƙo ya zauna da farar shadda za a ji kunya. Gindin ƙafafu, inda bakin katako ke shan ruwa, ka cika shi da banish har ya ƙoshi, ka buga masa guntun robar taya. Ka bar ɗan tazara tsakanin benci da bango, ka riƙa jawo shi ana sharewa. Gara ba ta son abin da ake motsawa.

Banish shafa biyu ko uku, na farko a tsinka shi don ya shiga jiki. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, ka yi da sassafe kafin iska ta taso, in ba haka ba ƙura za ta manne. Wanda zai sayi benci a shago kuma ya yi hattara da mai fenti mai kauri. Ka kifa shi ka duba cikinsa, a nan ake ganin irin katakon da irin haɗin.

Ba mu manta da guntun falankin nan ba. Ka tsaga shi biyu ta tsawo, ka haɗa su kamar kusurwar bango, ɗaya a jikin bango ɗaya a kwance. Sama ya zama wurin hula da tocila da makullin babur. A jikin na tsayen ka huda rami uku, ka soka guntayen sandar tsohon mofa da gam, ka sami maratayar riga da carbi da lema. Sanda ta fi ƙusa, don ƙusa tana tsatsa ta ɓata wuyan riga, wani lokaci ta yaga. A bangon bulo sai an huda an sa toshiyar roba kafin sukuru. A bangon ƙasa ƙusa ba ta zama, sai ka fara kafa turken itace ya shige sosai, ka ɗaura a kansa.

Ga matasa masu sauraronmu da ke zaune ba sana'a, wannan benci shi ne irin aikin da ake fara ba yaron shago. Wanda ya iya shi ya iya teburin mai shayi, ya iya kantar kanti, ya iya bencin Islamiyya, don haɗin duk ɗaya ne. Ga magidanta kuma, in za ku bayar a yi muku, ku tafi da awon zaurenku a rubuce, ku ce wa kafinta, Malam, a sa busasshen katako, a sa masa ɗamara ta ƙasa, ba na gaggawa. Wanda ke son bencinsa ya kai damina lafiya, ya sayi falankinsa tun da rani ya kwantar a inuwa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau.

(Kiɗan rufe shiri)